DAGA MAJEMA ZUWA OSKA: Tarihin Dharavi da masu biyan kuɗi su je kallon talaka

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya san Bombai iri biyu ce. Akwai ta attajirin uba mai ƙaton gida da matattakala mai lanƙwasa, inda 'yar lele ke saukowa tana rangwaɗa. Akwai kuma ta jarumi, inda uwa ke zaune a ɗaki ɗaya tana fama da tsohon keken ɗinki, ruwan sama na zuba ta rufin kwano. Mu 'yan kallo, tun zamanin iyayenmu da suka yi layi a ƙofar Plaza da Marhaba a Kano har zuwa namu zamanin na faifan sidi da fassarar Indiya-Hausa, kullum muna ɓangaren Bombai ta biyu. Har gobe in mahaifina ya tashi ba da labarin 'Deewaar', ba ya wuce wurin da yaron nan mai goge takalma ya ƙi ɗaukar kuɗin da aka jefa masa a ƙasa, sai da aka ɗauka aka miƙa masa a hannu.

To, mai karatu, wannan Bombai ta biyu yanzu shiga ake a kalle ta da tikiti. Baƙi daga Turai da Amurka da Japan, har da masu hali na Indiyar kanta, suna biyan ɗan jagora ya zagaya da su lungu-lungu cikin unguwannin leburori da masu sana'ar hannu. A 2019 shafin TripAdvisor, inda matafiya ke bayyana ra'ayinsu, ya sa zagayen unguwar Dharavi a sahun farko cikin abubuwan da baƙi suka fi yabawa a Indiya, har gaba da ziyarar Taj Mahal. Ka ji fa! Ginin farin dutsen da sarki ya yi wa matarsa, ga shi lungun 'yan jari-bola ya sha gabansa. Yaya aka yi haka ta faru? Amsar tana cikin tarihin birnin, kuma masu kyamara suna da babban kaso a ciki.

GARIN DA AKA ƘWATO DAGA TEKU

Asalin Bombai tsibirai bakwai ne na masunta, 'yan ƙabilar Koli. A cikin Turawa, 'yan Fotugal ne suka fara riƙe su, sannan a 1661 suka sa su cikin garar gimbiyarsu Catherine da za ta auri Sarki Charles na Biyu na Ingila. Shi kuma sarkin bai ga amfanin su ba, sai ya ba kamfanin East India haya a 1668 a kan fam 10 kacal a shekara. Sannu a hankali aka riƙa cike ruwan da ke tsakanin tsibiran har suka haɗe suka zama gari ɗaya.

Auduga ce ta ɗaga Bombai. A 1853 jirgin ƙasan fasinja na farko a Indiya ya tashi daga nan zuwa Thane, a 1854 kuma aka kafa kamfanin masaƙar auduga ta farko a birnin. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, masaƙun Ingila suka rasa audugar da suka saba samu, sai suka juyo Indiya, kuɗi suka yi ta kwarara cikin Bombai. Inda kuɗi suka sauka kuwa, nan talaka ke tattara ya-nasa-ya-nasa ya nufa. Ƙauyawa suka yi ta tururuwa suna neman aikin masaƙa da dakon kaya a tashar jiragen ruwa. Aka gina musu dogayen gidajen haya masu ɗaki ɗai-ɗai da banɗakin haɗaka, waɗanda ake kira 'chawl'. Irin gidajen nan ne muke gani a fim, inda maƙwabta ke leƙowa ta baranda duk lokacin da rigima ta tashi.

A wancan lokacin Dharavi ba ta cikin gari. Ƙauyen masunta ne a can ƙarshen arewa, bakin wata fadamar ruwan gishiri kusa da Mahim. Da aka yi ta cike ruwa ana gina hanyoyi, irin gadar Mahim da aka gama a 1845, ruwan ya ja baya, kifi ya yi ƙaranci, aka bar masunta da taɓo da sauro. Filin da ba mai so ke nan.

ABIN DA BIRNI YA ƘI

Ƙa'idar kowane babban birni ce, yana son takalmi amma ba ya son warin majema. A 1887 aka fara maido da majemar fata daga cikin gari zuwa Dharavi. Masu aikin jimar yawancinsu daga kudu suka zo, daga ƙasar Tamil, Musulmi da kuma 'yan ƙasan tsani a tsarin dangantakar Hindu, waɗanda sauran jama'a ke ƙyamar taɓawa. Sai annobar 1896 ta faɗo wa Bombai, ta kashe dubban mutane. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora laifin a kan cunkoson unguwannin talakawa, ta kafa hukumar gyaran birni a 1898, aka shiga rushe-rushe. Waɗanda aka rushe wa matsuguni ina za su? Bakin fadama.

Haka aka yi ta zuwa rukuni-rukuni. Maginan tukwane daga Gujarat, waɗanda aka yi ta tasa daga wannan wuri zuwa wancan a cikin birnin, suka kafa unguwarsu mai suna Kumbharwada, inda har yau hayaƙin gasa tukwane ke tashi. Masu surfani da ɗinki suka zo daga Uttar Pradesh. Masu soye-soye da kayan zaƙi suka zo daga kudu. Kowa ya zo da harshensa da addininsa, ya kira ɗan'uwansa daga ƙauye. Su da kansu suka cike taɓon da shara da ɓaraguzai, suka kafa bukkar kara, bukka ta zama ta kwano, ta kwano ta zama ta bulo, aka ɗora bene a kai.

Shi kuma birni bai tsaya ba. Ya ci gaba da faɗaɗa arewa har ya tsallake Dharavi ya wuce. Unguwar da ke bayan gari sai ga ta a tsakiyar gari, tsakanin manyan layukan dogo biyu, ba nisa da filin jirgin sama. Girmanta bai wuce murabba'in kilomita 2 da 'yan kai ba, amma ƙiyasin mutanen cikinta yana kamawa daga dubu ɗari bakwai har zuwa miliyan guda. Kusan kashi ɗaya cikin uku Musulmi ne.

Wani abin da ya ƙara cika ta shi ne mutuwar masaƙu. A Janairun 1982 ma'aikatan masaƙa kusan 250,000 suka tafi yajin aiki a ƙarƙashin jagorancin Datta Samant. Yajin ya haura shekara, masu masaƙa suka ƙi sassautowa, da yawa daga cikin masaƙun ba su sake farfaɗowa ba. Mutumin da ke da albashi da ƙungiya ya wayi gari yana neman aikin yini. Ƙananan masana'antun cikin lungu, masu ɗaki ɗaya da injin ɗaya, su suka haɗiye da yawa daga irin waɗannan hannaye.

Ba a rasa baƙar rana ba. Bayan rushe Masallacin Babri a ranar 6 ga Disamba, 1992, rikicin addini ya ci Bombai a Disamba da Janairu, mutum kusan 900 suka mutu, kuma wutar ta shiga Dharavi. Maƙwabtan da suka shekara da shekaru suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya suka juya wa juna baya. Bayan ƙura ta lafa ne aka kafa kwamitocin unguwa na Hindu da Musulmi tare da 'yan sanda don kada a maimaita. A 1995 aka sauya wa birnin suna zuwa Mumbai, ko da yake mu a nan har yau bakinmu ya fi sabawa da tsohon.

KYAMARA CE TA FARA SHIGA

Tun kafin wani ɗan jagora ya ɗaga hannu ya ce "ku biyo ni", daraktoci sun riga sun kai idon duniya cikin waɗannan lunguna. Raj Kapoor ya gina sunansa ne a kan talakan birni, a 'Awaara' na 1951 da 'Shree 420' na 1955. Bimal Roy a 'Do Bigha Zamin' na 1953 ya nuna manomin da bashi ya koro zuwa Kalkata yana jan keken ɗaukar mutane da ƙafarsa. A 1975 Yash Chopra ya sa Amitabh Bachchan ya zama ɗan dakon tashar jiragen ruwa a 'Deewaar'. A duk waɗannan, unguwar talakawa makaranta ce da jarumi ke fitowa daga cikinta, ko dai da gaskiyarsa ko da bindigarsa.

Dharavi ita kanta ta samu nata finafinan. 'Nayakan' na Mani Ratnam, wanda ya fito a 1987 da harshen Tamil, Kamal Haasan ya hau kan rayuwar Varadarajan Mudaliar, wani ɗan Tamil da ya zama uban daba kuma uban marasa gata a yankin. Shekara guda bayan nan Feroz Khan ya maimaita shi da Hindi da sunan 'Dayavan', Vinod Khanna na jarumi. A farkon shekarun 1990 Sudhir Mishra ya yi fim mai suna 'Dharavi' sak, inda Om Puri ya fito a direban tasi mai mafarkin arziki da mafarkin Madhuri Dixit. Sai dai waɗannan finafinan sun bar wa unguwar tabo. A idon ɗan Bombai mai aikin ofis, Dharavi matattarar 'yan giyar gida ce da 'yan sara-suka. Saurayin da ya fito daga can yakan ɓoye adireshinsa in ya je neman aiki ko neman aure.

Fim ɗin da ya fi alaƙa da labarinmu shi ne 'Salaam Bombay!' na Mira Nair, 1988. Ta ɗauko yaran titi na gaske ta koya musu wasa, fim ɗin ya ci kyauta a bikin Kan na Faransa, ya kuma shiga takarar Oska. Daga kuɗin da ya samu aka kafa gidauniyar Salaam Baalak don kula da yaran titi. Riƙe wannan sunan, za mu dawo kansa. Shi kuwa yaron da ya ja fim ɗin, Shafiq Syed, duk da kyautar ƙasa da ya samu, daga baya a Bangalore aka same shi yana tuƙa a-daidaita-sahu. Wannan ma riƙe shi.

MAI HIDIMAR ABINCI DA BATUREN INGILA

Zuwa kallon talaka ba a Indiya aka fara ba. Tun shekarun 1880 masu hali na Landan ke shiga unguwannin gabashin birnin da rakiyar ɗan sanda ko ɗan mishan, wasu don tausayi, wasu don nishaɗi. Daga nan abin ya tsallaka Niyok. A zamaninmu kuwa ya sake tasowa a wurare biyu: Afirka ta Kudu, inda baƙi ke son ganin Soweto a ƙarshen mulkin wariya, da Burazil, inda taron muhalli na duniya da aka yi a Riyo a 1992 ya sa mahalarta neman a kai su unguwannin kan tsauni da ake ɓoye musu.

Wani Baturen Ingila mai suna Chris Way ya ga irin wannan zagaye a Riyo. Da ya zo Mumbai aikin sa-kai sai ya haɗu da Krishna Pujari, ɗan ƙauye daga jihar Karnataka wanda ya shigo birnin tun yana yaro, yana hidimar abinci a gidan cin abinci da rana, yana karatu da dare. A 2005 suka kafa kamfanin Reality Tours and Travel, a 2006 suka fara kai baƙi Dharavi. Jaridu da gidajen talabijin na Indiya suka yi musu ca, ana cewa Bature ya zo sayar da talaucin Indiya. Su kuma suka kafa dokoki: ba a shiga da ayari mai yawa, ba a ɗaukar hoto, kuma kashi 80 cikin ɗari na ribar bayan haraji zai koma cikin unguwar. A 2009 suka kafa ƙungiyar Reality Gives mai koyar da yara da matasa Turanci da kwamfuta.

Yadda zagayen yake shi ne kamar haka. Akan haɗu a tashar jirgin ƙasa ta Mahim, a hau gadar ƙafa a tsallaka layin dogo, a faɗa sashen masana'antu. A nan baƙo zai ga buhunan robobin da aka tsinto daga ko'ina cikin birnin, ana ware su launi-launi, a niƙa, a wanke, a shanya a kan rufi, a narka su zama ƙwayoyin da masana'antu za su saya. Zai ga masu narka gwangwani, masu wanke tsofaffin garewanin mai da fenti, masu rini, masu gasa burodi. Sai a ratsa wani lungu mai duhu da kafaɗa biyu ba sa wucewa a jere, wayoyin lantarki na reto a saman kai, a fito inda mata ke shanya 'papad', wata siririyar waina ta garin wake, a bayan kwanduna. Daga nan sai wajen masu fata. Jimar kanta an kore ta daga unguwar saboda gurɓata ruwa, abin da ya rage shi ne gyaran fata da ɗinkin jaka da bel da riga. A ƙarshe a ɓulla Kumbharwada wajen maginan tukwane. Tafiyar awa biyu da rabi ce ko kusa da haka. Ƙiyasin da 'yan jagora suka fi ambata shi ne kayan da ake sarrafawa a Dharavi a shekara suna kai wa ɗaruruwan miliyoyin daloli.

Lura da dabarar. Ba yunwa ake nuna wa baƙo ba, aiki ake nuna masa. Ya shigo da tsammanin mabarata, sai ya tarar kowa na sauri, ba mai lokacinsa. Gani ya kori ji.

SHEKARAR SLUMDOG

A Nuwamban 2008 abubuwa biyu suka faru. 'Yan bindiga suka afka wa Mumbai suka kashe mutum 166, baƙi suka ƙaurace wa birnin. A watan nan kuma 'Slumdog Millionaire' na Danny Boyle ya fita a Amurka. An ɗauko shi daga littafin 'Q & A' na Vikas Swarup, an kashe masa kimanin dala miliyan 15, ya maido da fiye da miliyan 370, ya kuma kwashe Oska 8 a Fabrairun 2009, biyu daga ciki na A. R. Rahman ne. Da baƙi suka dawo, da sunan Dharavi a bakinsu suka dawo, ko da yake wani ɓangare ne kawai na fim ɗin aka ɗauka a can. Kamfanonin zagaye suka yi ta tsirowa, wasu na ɗaliban unguwar da kansu, wasu kuma na direbobin tasi da ba ruwansu da dokar hana hoto.

Ina ɗan firamare na kalli fim ɗin a sidi, kuma a lokacin ya burge ni matuƙa. Da na girma na sake kallonsa da idon sharhi sai na fahimci dalilin da ya sa mazauna irin waɗannan unguwanni suka fito zanga-zanga a kansa. Sunan kansa ya haɗa su da kare. Sannan cikin fim ɗin kusan ba ka ganin mutum yana sana'a: daga mai ƙwaƙule idon yara sai ɗan daba sai mai gidan karuwai. Unguwar da ke cike da maɗinka da magina, an mayar da ita wurin da ba abin yi sai gudu. Yara biyun da suka fito a ƙananan Latika da Salim, wato Rubina Ali da Azharuddin Ismail, an ɗauko su ne daga wata unguwar bukkoki a Bandra. An kai su Amurka sun taka jar darduma a Fabrairu, a watan Mayun shekarar hukuma ta rushe bukkokin iyayensu. Daga baya masu fim ɗin sun samar musu gidaje ta wata gidauniya, amma sai da duniya ta yi surutu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin mamaki a nan shi ne, fim ɗin da ya kawo wa 'yan jagora kasuwa shi ne kuma suke kwana suna ƙaryatawa. Rabin aikinsu ya koma nuna wa baƙo cewa abin da ya gani a allo ba haka yake ba.

BA DHARAVI KAƊAI BA

A cikin Mumbai ɗin akwai Dhobi Ghat na Mahalaxmi, filin wanki na sarari da aka gina a 1890, inda ɗaruruwan masu wanki ke dukan kayan otal-otal da asibitoci a kwamin siminti. Baƙi kan tsaya a kan gada su leƙa. Kiran Rao ta sa wa fim ɗinta na farko sunan wurin, Aamir Khan na ciki. Akwai kuma 'yan 'dabbawala', masu kai wa ma'aikata abincin rana daga gidajensu, sana'ar da ta faro tun 1890. Kafin annobar korona mutum kusan 5,000 ne ke jigilar kwanukan abinci kusan 200,000 a kullum, da keke da jirgin ƙasa da 'yan alamomin fenti a kan murfi. Yarima Charles ya ziyarce su a 2003, kuma su ne ginshiƙin labarin 'The Lunchbox' na marigayi Irrfan Khan a 2013. Da hantsi baƙi kan taru a gaban tashar Churchgate su ga yadda ake rarraba kwanukan.

A Delhi kuwa, gidauniyar nan ta Salaam Baalak ta fara nata zagayen a tsakiyar shekarun 2000, a unguwar Paharganj da kewayen babbar tashar jirgin ƙasa. Bambancinsa shi ne 'yan jagorar tsofaffin yaran titi ne. Yaron da ya taɓa kwana a dandamalin tasha yana tsintar gorar ruwa shi ne zai tsaya ya ba ka labarin da bakinsa, da Turancin da ya koya a gidauniyar. Ka ga fim ya haifi gidauniya, gidauniya ta haifi ɗan jagora. A Kalkata ana kai baƙi kasuwar furanni ta ƙarƙashin gadar Howrah da asuba, da unguwar Kumartuli ta masu ƙera gumakan yumɓu. Mutanen Kalkata ma sun taɓa yin tasu rigimar da masu kyamara, lokacin da aka zo ɗaukar 'City of Joy' na Patrick Swayze da Om Puri, wanda ya fito a 1992, suna cewa an mayar da birninsu tambarin tsiya.

TAIMAKO NE KO CIN FUSKA?

Masu suka suna da hujja mai ƙarfi. A 2010 Kennedy Odede, wanda ya tashi a unguwar Kibera ta Nairobi, ya rubuta a jaridar New York Times yadda wata Baturiya ta ɗauke shi hoto yana wanke kwano a ƙofar gidansu, ya ji kamar dabba a keji. Ma'anar maganarsa ita ce baƙo ya tafi da hoto, mai gida ya rasa wani yanki na mutuncinsa. Akwai kuma wata sukar da ta fi wannan zurfi. In ka nuna wa baƙo talaka yana murmushi yana aiki, ka sauke masa nauyin zuciya. Zai koma otal yana cewa ai suna cikin farin ciki. Bai ga layin banɗakin haya da asuba ba. Bai zauna ya jira ruwan famfon da ke zuwa na 'yan awoyi ba. Bai san mai narka gwangwanin nan da ya gaisa da shi a cikin hayaƙin yake kwana ba, ba takalmi, ba abin rufe hanci, kuma kuɗin da yake samu ƙauye yake aikawa.

Masu kare abin su ma ba su rasa ta cewa ba. Matasan unguwa sun samu aiki, azuzuwa sun buɗe, masu jakar fata sun samu ciniki. Mafi girma a wajensu, sunan Dharavi ya daina zama abin ɓoyewa. A 2019 da Zoya Akhtar ta fitar da 'Gully Boy', inda Ranveer Singh ya fito a mawaƙin gambarar zamani ɗan Dharavi, ta sa wani ɗan wuri da na fi so a fim ɗin: ɗan jagora ya shigo da Turawa har cikin ɗakin su jarumin suna ta ɗaukar hoto, kakarsa kuma ta tsaya kai da fata sai an biya. Dariya ake yi a wurin, amma duk muhawarar nan tana cikinsa. Ɗakin nata ne, ta san ana cin kuɗi da shi, don haka a ba ta nata.

A ganina ma'aunin bai wuce tambaya uku ba. Wa ke ba da labarin? Aljihun wa kuɗin ke shiga? An nemi izinin mai gida? Mu ma nan mun san abin, domin duk wanda ya taɓa wucewa ta karofin Ƙofar Mata ya ga yadda ake sauke baƙi su ɗauki marina hoto. Marinin da aka gaisa da shi aka sayi zanensa daban yake da wanda aka haska wa kyamara aka wuce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma zagayen da ya fi kusa da gaskiya shi ne wanda mai ɗakin ke gaba.

ABIN DA KE TAFE

Duk wannan muhawarar tana iya zama tarihi nan ba da jimawa ba, domin ƙasar da ba mai so a 1887 ta zama zinariya. Tsallaken kogin Mithi kaɗan ne tsakanin Dharavi da Bandra Kurla, cibiyar bankuna da kasuwar hannun jari. Tun 1985 Firayim Minista Rajiv Gandhi ya ware wa Bombai rupi biliyan 1, wani kaso don gyaran Dharavi. A 2004 gwamnatin jihar Maharashtra ta amince da shirin rushe unguwar a gina dogayen benaye, a ba mazauna ɗakuna kyauta, a sayar da sauran filin. Mazauna da jagororinsu irin su marigayi Jockin Arputham suka ce ba a yi shawara da su ba, kuma maginin tukwane ba zai hau da maginarsa hawa na goma sha ba. Shirin ya yi ta tuntuɓe kusan shekara ashirin. A tsakani korona ta zo a Afrilun 2020, aka ɗauka Dharavi za ta zama maƙabarta, sai ga shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya yana ambaton ta a Yulin shekarar cikin wuraren da suka shawo kan cutar.

A Nuwamban 2022 kamfanin attajiri Gautam Adani ya ci kwangilar a kan rupi biliyan 50 da 'yan kai. Sharaɗin shi ne wanda ke da shaidar zama a ƙasan gini tun kafin 1 ga Janairu, 2000 zai samu gida kyauta a cikin Dharavi. 'Yan haya da mazauna saman bene, waɗanda suke da ɗimbin yawa, za a kai su wasu wurare. A 2024 gwamnatin jihar ta amince da filayen da za a yi hakan, ciki har da wani yanki na babban jujin Deonar. Kakanni sun cike fadama da shara sun mayar da ita gari, ga shi ana shirin kai wasu jikokin bakin wata sharar. Wanda ya kalli 'Kaala' na Rajinikanth, 2018, inda Nana Patekar ya fito a ɗan siyasa mai fararen kaya da ke son share Dharavi, zai ce darakta Pa. Ranjith ya hango.

Ba wanda zai ce mutum ya dawwama a ɗakin da ba banɗaki don baƙo ya samu abin kallo. Mazauna Dharavi suna son ruwa da iska da takardar mallaka kamar kowa. Abin da suke ta nanatawa tun 2004 shi ne a tambaye su, a kuma bar musu wurin sana'a. Shekara ɗari da talatin da 'yan kai ke nan ana yanke musu hukunci daga nesa, daga Baturen mulki zuwa darakta zuwa ɗan kwangila. Yaron nan na 'Deewaar' bai ƙi kuɗin ba, ai da guminsa ya same su. Jefawar ce ya ƙi.